Fuskar Gida da Tayin Mai Saye: Amsoshin Tambayoyinku

Yawancin wasiƙun wannan watan a kan abu ɗaya suke, wato yadda wajen gida ke ɗaga kuɗinsa ko ya karya shi. Mun miƙa su ga masu amsa mana tambayoyin gini a wannan fili: mai ƙiyasta darajar gidaje, da injiniyan gini, da wani gogaggen mai fenti.

Tambaya: Gidana da na maƙwabcina a layi ɗaya suke, kowanne a fili hamsin da ɗari, kowanne ɗaki huɗu da falo. Mun sa su kasuwa kusan lokaci guda, amma tayin da aka yi masa ya yi wa nawa nisa. Bambancin da na sani shi ne ya yi fenti ya kuma canza get. Fenti ne ke kawo wannan tazara? (Wani mai karatu daga Hotoro, Kano)

Amsa: Malam, kuɗin gida abu uku ne a haɗe: filin da unguwar da yake, da takardunsa, sai ginin kansa. Fenti ba ya taɓa biyun farko, don haka kafin ka ɗora wa bango laifi ka bincika takardu. Tun Dokar Amfani da Ƙasa ta 1978 filayen birni suna hannun gwamna, kuma takardar da banki da manyan masu saye ke nema ita ce shaidar mallaka ta gwamnati, C of O, wadda a Kano ake bi ta hukumar bayanan filaye, wato KANGIS, a same ta. Idan shi yana da ita, kai kuma takardar ciniki ce kawai a hannunka, dalilin ke nan.

Idan kuwa takardunku iri ɗaya ne, to fuskar gidan ce ta raba ku. Mai saye ba ya ganin harsashi, ba ya ganin rodin da ke cikin lintal, ba ya ganin wayoyin wuta da bututun ruwa da aka binne. Da abin da idonsa ya kai yake auna abin da bai kai ba. Labarin zuciya a tambayi fuska. In ya tarar da get yana jan ƙasa, fenti yana saɓulewa a gindin katanga, kwatar ƙofar gida ta cika da leda, sai ya yanke a ransa cewa mai gidan nan ba ya gyara. Daga nan zai cire kuɗin gyaran da ya gani, ya ƙara cire na wanda yake zargin yana ɓoye, kuma kullum ƙiyasinsa ya fi gaskiyar kuɗin aikin yawa. Ga shi yanzu dillali hoto yake fara tura wa mutum ta WhatsApp, hoton farko kuwa na ƙofar gida ne. Wanda hoton bai burge ba ba zai zo ba ma, kuma gidan da mutum ɗaya ya taya ba zai yi kuɗin wanda mutum huɗu ke rububi ba.

Amma abin yana da iyaka. Mai ƙiyasi mai rajista yana duba kuɗin da aka sayar da gidaje irin naka a unguwar a kwanan nan, sannan ya rage ko ya ƙara gwargwadon halin da ginin yake ciki. Kowace unguwa tana da inda kuɗinta ya tsaya. Gyara yana kai ka can, ba ya tsallakar da kai. Wanda ya lulluɓe fuskar gida da dutse mai tsada a layin da mota ba ta shiga da damina ba zai ga kuɗinsa ba.

Tambaya: Maigidana ya rasu ya bar mana gida, muna so mu ba da shi haya don kuɗin makarantar yara. Kuɗin hannuna kaɗan ne. Ta ina zan fara? (Wata Hajiya daga Barnawa, Kaduna)

Amsa: Allah Ya jiƙan maigida, Ya raya abin da ya bari. Hajiya, ki fara da abin da ba ya cin kuɗi. A share gaban gida, a kwashe tsofaffin bulo da ɓaraguzai, a ɓamɓare fastocin siyasa, a yashe kwata, a ɗaure wayoyin da ke lilo, a sa ƙwan fitila mai aiki a kan get.

Sai ki bi ruwa daga sama zuwa ƙasa, domin kusan duk munin da ake gani a bango ruwa ne ya jawo shi. Kafinta ya hau ya duba kwano, ya canza ƙusoshin da suka saki, ya gyara katakon bakin rufi idan gara ta ci shi ko ya ruɓe. Idan rufin irin na zamani ne da bango ya ɓoye kwano, a yashe magudanar da ke bayan bangon, don ganye da leda na toshe ta, ruwa ya kwanta ya tsattsafo, ya bar baƙin zane daga sama har ƙasa. A tabbatar indararo yana jefa ruwa nesa da gindin gini. Bayan wannan ne za a cike tsaga, a gyara filastar da ta kumbura. Fenti shi ne na ƙarshe. In kuɗi bai kai a yi wa gida duka ba, a yi wa katangar gaba da get da bangon da ake gani daga titi.

Get kuma ba sai an sayi sabo ba. Mai walda ya yanke ƙasan da tsatsa ta ci ya jona sabon ƙarfe, ya ɗaga get ɗin ya daina jan ƙasa. A goge da buroshin ƙarfe da samfefa, a shafa jan fentin hana tsatsa, ya bushe, sannan fentin mai sau biyu.

Tambaya: Shekara uku a jere ina yin fenti, amma kafin damina ta fita gindin bango ya kumbura, wani farin gari kamar kanwa yana fitowa, fentin yana zuba. Masu neman haya suna gani sai su juya. Mai fenti ne yake cuta ta? (Wani Alhaji daga Gusau)

Amsa: Alhaji, da wuya laifin mai fenti ne, sai dai ya kamata ya gaya maka tun farko cewa wannan ba aikinsa ba ne. Damshi ne ke hawowa daga ƙasa ta cikin bulo. Yana tahowa da gishirin ƙasa, ruwan ya bushe a fuskar bango, gishirin ya zauna a ƙarƙashin fenti ya ture shi. Yawanci ba ya wuce tsayin mita ɗaya daga ƙasa, shi ya sa kake ganin layi kamar an ja shi da igiya.

Dalilan sanannu ne. Ko dai lokacin gini ba a shimfiɗa leda ko wani abin tare damshi a matakin jaman fulo, wato daɓen kankaren da ake zubawa a kan harsashi, ba, ko kuma an shimfiɗa amma daga baya an cika tsakar gida da ƙasa ko intalok har ya haura matakin. Ƙa'ida ita ce wannan mataki ya ɗara ƙasar waje da aƙalla santimita 15. A unguwanni da yawa kuma titi ne aka ɗaga lokacin aikin kwalta, gida ya koma rami, ruwan layi yana kwanciya a gindinsa. Sai sokawe da aka haƙa jikin bango, da famfon alwala, da fulawoyin da ake ba ruwa kullum a gindin gini.

Gyaran yana farawa ne da kashe hanyar ruwan. A sauke ƙasar da ta haura, a kawar da fulawoyi, a gyara bututun da ke yoyo, a zuba siminti mai faɗin santimita 60 zuwa mita ɗaya kewaye da gini, da gangare zuwa waje. Sannan a fasa tsohuwar filasta har a ga bulo, a wuce inda tabon ya tsaya da santimita 30. A goge gishirin da busasshen buroshi, kada a wanke da ruwa, don ruwa narkar da shi zai yi ya mayar da shi ciki. A bar bangon a buɗe makonni ya sha iska. Wannan aiki na rani ne.

Sabuwar filasta a kwaɓa ta buhun siminti ɗaya mai kilo 50 da kwanon sarki takwas na yashi mai tsabta, wanda ba laka a cikinsa, a zuba garin hana ruwa bisa ma'aunin da ke jikin kwalinsa. A kaurin milimita 15, buhu ɗaya zai rufe murabba'in mita 8 zuwa 9. Magina da yawa suna kai yashin kwano 14 ko 16 don siminti ya yi auki, kuma wannan ce filastar da kake murzawa da yatsa tana zuba. A riƙa yayyafa mata ruwa safe da yamma har kwana bakwai, a jira mako huɗu kafin fenti.

Akwai dabarar da ta yaɗu wadda ba mu goyon baya: a manna tayil a gindin bango a rufe tabon. Damshin bai tafi ko'ina ba. Zai hau saman tayil ɗin, ko ya ɓullo ta cikin ɗaki. Mai saye da ya san gini, da zarar ya ga tayil a gindin bango kaɗai, tambayar farko da zai yi ita ce me aka rufe.

Tambaya: Wane fenti da wane launi ya fi dacewa da waje, kuma bokiti nawa zan saya? Gidan ƙasa ne, ba bene ba, mita 12 da 15. (Wani malamin makaranta daga Azare)

Amsa: Lissafin ba wuya, Malam. Kewayen gidanka mita 54 ne. In tsayin bango mita 3 ne, ka sami murabba'in mita 162. Cire wajen 25 na tagogi da ƙofofi, saura 137. Shafe biyu ya zama 274. Fentin ruwa mai kyau lita ɗaya tana rufe kusan murabba'in mita 8 a kan filasta mai laushi, ke nan lita 34 zuwa 35, wato bokiti biyu masu lita 20. Ƙara bokiti ɗaya na shafen farko idan filastar sabuwa ce, don tana shan fenti. Katanga lissafinta daban. Idan teskot kake so, mai yashi-yashin nan, zai ci ninkin wannan sau da yawa, don lita ɗaya da ƙyar take wuce murabba'in mita biyu.

Teskot yana ɓoye ƙananan tsaga da rashin laushin filasta, amma ƙurar hunturu tana zama a cikin ƙurajensa, kuma in wuri ɗaya ya ɓaci facin ba ya sajewa. Fenti mai santsi da aka yi don waje ya fi sauƙin wankewa. Duba jikin bokiti ka tabbatar na waje ne. Ka kuma tsaya a kan mai aiki lokacin da yake sirka ruwa, don a nan ake kashe fenti: a tsinka shi ya yi yawa, bayan damina ɗaya ka shafa hannu ka ga farin gari.

Launi kuwa, ƙasarmu ce ke zaɓa. Fari tas ba ya daɗewa, ruwan sama na fantsamo masa jar ƙasa, hunturu ya ƙarasa shi. Baƙi da shuɗi mai duhu da ja suna koɗewa da wuri a ranarmu, suna kuma tara zafi a bango har dare. Ruwan madara, ruwan ƙasa mai haske da ruwan toka mai haske sun fi jure ƙura. A ja launi mai ɗan duhu a ƙasan bango, tsayin santimita 60, inda fantsamar ruwa ke kaiwa. In gidan na sayarwa ne, launi biyu sun isa, uku in ya yi yawa, kuma ka bar son ranka gefe.

Lokacin da ya fi shi ne bayan ɗaukewar ruwa, ƙarshen Oktoba zuwa Nuwamba, kafin ƙura ta yi ƙarfi. A bi inuwa, kada a shafa a bangon da rana ke duka. Bangon gabas ka ba shi kulawa ta musamman, don hadarin ƙasar Hausa daga gabas yake tasowa, shi ke shan dukan ruwa.

Tambaya: Ni da gangan na bar katangata ba filasta, get ɗin ma tsoho ne, saboda halin tsaro. Ba na so a san akwai wani abu a ciki. Yanzu 'ya'yana suna cewa na karya darajar gidan. (Wani dattijo daga Funtuwa)

Amsa: Baba, tsoronka yana kan hanya, kuma ba wanda zai ce ka tallata kanka a wannan zamani. Gidan Bahaushe ma tun asali ciki yake fuskanta, daga waje sai katanga da zaure. Amma rashin ado daban, rashin kula daban. Bulo da aka bari tsirara yana shan ruwa, yashinsa na zuba, bayan shekaru katangar ta raunana, kuma raunanniyar katanga da get mai tsatsa sun fi sauƙin ƙetarewa. A yi filasta, a ɗora hular siminti a kan katangar don ruwa ya daina shiga ta sama, a shafa launin ƙasa irin na maƙwabta, ba ƙyalli ba zane. Gidan zai saje da layi, kuma ranar da magada za su buƙaci ƙiyasi ba za a yi musu tayin wulaƙanci ba.

Tambaya: Zan sayi gida, an kai ni wani da aka yi wa sabon fenti har yana wari. Yayana ya ce in yi hattara da kyan ɗan maciji. Me zan duba? (Wata ma'aikaciyar jinya daga Gombe)

Amsa: Yayanki ya yi gaskiya, Malama, ko da yake sabon fenti shi kaɗai ba laifi ba ne. Ki je da maginin da ke kika ɗauko, ban da wanda dillali ya kawo, kuma ki koma sau biyu, ɗaya da safe lokacin da rana ke haska bango ta gefe, don a lokacin ne faci ke fitowa. A ƙwanƙwasa filasta da bayan makulli: inda ta yi ƙarar holoƙo ta rabu da bulo. A dafa gindin bango a ji ko da sanyi. A zaga bayan gida da lungun da ke tsakaninsa da maƙwabci, don masu kwaskwarima ba sa kashe kuɗi a can, ainihin halin ginin yana nan a fili. A ɗaga kai a dubi layin saman kwano, in ya lotsa a tsakiya katakon ciki ya gaji.

Tsaga iri biyu ce. Siririya kamar gashi, mai rassa ko'ina, ta filasta ce kawai. Wadda ke tashi a karkace daga kusurwar taga ko ƙofa, ko take bin layin bulo kamar matakala, ko ta fi faɗi a sama, kuma ana ganinta ciki da waje a wuri ɗaya, wannan harsashi ne ke motsi. In ta kai faɗin milimita 3 sai injiniya ya gani. A yankinku a ƙara lura, don akwai wurare masu baƙar laka daga wajen Gombe zuwa Numan, wadda ke kumbura da damina ta tsuke da rani, tana tsaga gini duk shekara. Ki buɗe ki rufe kowace ƙofa da taga, wadda ke cijewa alama ce. Ki tambayi maƙwabta inda ruwan layin ke bi a watan Agusta.

Ga masu sayarwa kuma: gyara halal ne, ɓoye aibi ba halal ba ne. Sananne ne hadisin da Manzon Allah (SAW) ya sa hannu cikin tarin abinci ya ji jiƙaƙƙe a ƙasa, ya ce wanda ya yi algus ba ya tare da shi. Bangon da aka shafe da sikiridin, wato siririn shafen da ake yi don bango ya yi santsi kafin fenti, a kan tsagar harsashi ba a faɗa wa mai saye ba yana cikin wannan hukunci.

Tambaya: Gidan gadonmu na ƙasa ne a cikin birnin Zariya, da zaure da zankwaye da zane a fuskarsa. 'Yan'uwa suna so a shafe shi da siminti don ya yi daraja. (Wani mai karatu daga Zariya)

Amsa: Malam, ku dakata. Siminti ba ya kama ginin ƙasa. Yana zama ɓawo a kansa, ya tsage, ruwa ya shiga ta baya ya rasa hanyar fita, tubali ya jiƙe a ɓoye, wata rana ɓawon ya faɗo da rabin bangon. Ginin ƙasa yaɓe yake so a kan kari, da makuba, wadda ake samu daga kwasfar ɗorawa. Rufin soro da kan zankwaye kuwa a da laso ake yi musu, haɗin katsi na marina da gashin jima da dafara. Masu wannan sana'a sun yi ƙaranci, amma garin da Babban Gwani Muhammadu Durugu ya gina masallacin Juma'arsa bai rasa magina ba. Ku neme su, a gyara indararo, a tsare gindin bango daga ruwan lungu.

Gaskiya ita ce mai sayen gida a cikin birni yawanci wurin yake saye. Siminti ba zai ƙara muku komai a idonsa ba, zai dai shafe zanen da ba za a iya mayarwa ba, wanda shi ne ya bambanta gidanku da sauran.

Tambaya: Ina so in fitar da shago da rumfa a gaban gida, in kuma dasa bishiya. Zai ƙara kuɗin gidan? (Wani ɗan kasuwa daga Kurna, Kano)

Amsa: Shago a bakin titi mai mutane yana kawo haya, haya kuma tana shiga lissafin daraja, amma sai in yana cikin iyakar filinka kuma da amincewar hukumar tsara birni, wato KNUPDA a Kano. Ginin da ya hau kan kwata ko ya ci hanya yana jawo jan fentin rusau, kuma ba abin da ke korar mai saye kamar wannan alama a katanga. A layin zama kuwa, mai iyali yakan guji gidan da ƙofarsa ta zama majalisa.

Bishiya tana ƙara kyau da sanyi, amma darbejiya da mangwaro su yi nisan aƙalla mita 5 daga gini da katanga da sokawe. Ceɗiya da durumi kada su kusanci gida sam, saiwarsu na bin damshi ta fasa bututu ta ɗaga daɓe. In gaban gidan ƙarami ne, ka dasa lalle ko zogale ka riƙa datsewa, ka kuma duba sama kafin ka haƙa rami, kada reshe ya tarar da wayar wuta bayan shekara uku.